Ranar Da Magini Ya Daina Zuwa

Ni ɗan magini ne. Da ƙasa mahaifina ya ciyar da mu, da ita ya aurar da yayyena mata, da ita kuma ya biya mini kuɗin makaranta har na zo wannan jami'a ina karatun Hausa. Na faɗi haka tun da fari domin mai karatu ya yi mini uzuri idan ya ga ina ta jawo zancen tubali da makuba cikin maganar kwamfuta. Kowane tsuntsu, in ji Hausawa, kukan gidansu yake yi.

A ƙauyenmu, da zarar an gama kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kwantawa, sai Baba ya soma zagayen gidajen da ya gina. Ina yaro ni ne mai riƙe masa ƙwaryar makuba. Yakan hau soro ya duba bakin indararo, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta ci, ya bi katanga da tafin hannu yana neman tsaga, wadda wani lokaci ba ta fi kaurin tsinke ba. In ya samu sai ya kwaɓa ƙasa ya cike, ya bi da yaɓe. Ran nan na tambaye shi, na ce, "Baba, ba kai ka gina gidan nan ba? Me ya sa ba ka gina shi yadda ba zai tsage ba?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai gini ba a gama shi. Ana dai barin sa zuwa baɗi."

Akwai wani gida a bayan masallacinmu da mai shi ya rasu, magada suka watse, ba wanda ya ƙara kiran magini. Shekara ta fari ba abin da ya faru, ta biyu ma haka, har 'yan haya suka shiga suna cewa ai ginin mutanen dā ba ya bukatar kowa. A damina ta huɗu, cikin dare, katangar gabas ta zube a kan awaki uku. Allah ya kiyaye ba ɗan Adam a wurin. Ban ƙara tuna wannan gida ba sai da abin da zan ba da labarinsa ya same mu a ɗakin kwananmu na ɗalibai.

A shekarar 2023, da na shiga aji biyu, Baba ya sayar da gero, yayana ya cika, aka haɗa mini kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka. Sabuwa dai ta fi ƙarfinmu, saboda haka na nufi kasuwar 'yan gwanjo, inda ake kawo waɗanda ofisoshin Turai suka gama amfani da su. Na tafi da wani aboki wanda muke ganin ya san kan abin. Muka tambayi awa nawa batirinta yake ɗauka, muka duba gilashinta ko da tabo, muka danna haruffa ɗaya bayan ɗaya, muka yi ciniki har mai shago ya rantse faɗuwa ya yi. Tambaya guda ce ba mu yi ba, don ba mu san ana yin ta ba, watau har zuwa yaushe masu babbar manhajar da ke cikinta za su ci gaba da gyara ta. Babbar manhaja ita ce wadda take tuƙa kwamfutar gaba ɗaya, sauran manhajoji duk a kanta suke zaune kamar ɗakuna a kan harsashi. Tawa sunanta Windows 10, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Abin da na zuba cikin wannan kwamfuta ya fi ta daraja nesa ba kusa ba. Kundin digirina a kan waƙoƙin niƙa da daka na matan ƙauyenmu ne, kuma babbar majiyata kakata ce ta wajen uba, wadda muke kira Inna. A hutun 2024 na shafe sati uku ina zama gabanta da waya, tana rerawa ina ɗauka, tana tsayawa ta yi tari, ta zage ni don na ce ta maimaita, sa'an nan ta maimaita. Na sami waƙa talatin da ɗaya da tatsuniya tara. Da wayar ta cika sai na kwashe su zuwa kwamfuta na goge na wayar. Inna ta rasu a daminar 2025. Daga ranar, muryarta ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan 'yar gwanjo da nake ratayawa a kafaɗa ina hawa babur da ita.

To, ga laifina na farko. Tun watan da na saye ta na lura duk sa'ad da na jona ta da intanet ta wayata sai data ta ƙare kamar an huda tulu. Wani ɗan ajinmu ya ce ai sabuntawa ce take sha, ya nuna mini inda zan danna in gaya mata datata a ƙidaye take, kada ta ɗauko kome sai da izinina. Izinin kuwa ban taɓa ba ta ba. Sai dai jefi-jefi, in na shiga ɗakin karatu ta sami intanet na jami'a, takan saci jiki ta ɗauko abin da ta iya, ni kuwa in yi ta tsaki don ta ɓata mini lokaci. Na san ba ni kaɗai ba ne. Mai karatu ya tambayi na kusa da shi, ko ya tambayi kansa.

Ana nan sai ta fara fito mini da wata sanarwa mai cika fuska, cewa daga ranar 14 ga Oktoba 2025 za a daina kula da Windows 10. Nakan rufe ta ba tare da na karanta har ƙarshe ba. Ranar ta zo, Talata ce, na kunna kwamfuta ta tashi lafiya lau. Laraba ma haka. Na ce wa abokin ɗakina, "Ka gani? Barazanar 'yan kasuwa ce kawai, so suke mu sayi sabuwa." Shi kuwa ya fi ni ƙarfin hujja, domin tasa kwamfutar Windows 7 take ɗauke da ita, ga shi tana aiki shekara da shekaru.

Ba a yi wata guda ba, ran wata Lahadi da asuba, ya tashe ni yana salati. Duk takardun da ke cikin kwamfutarsa sun ƙi buɗuwa, sunayensu sun sami wata jela da bai san ta ba, kuma cikin kowace jaka akwai 'yar wasiƙa da Turanci mai cewa an kulle masa kaya, in yana so a buɗe ya biya fansa da dala. Babi uku na kundinsa suna ciki, saura sati biyar a miƙa. Ban taɓa ganin namiji ya zauna bakin gado ya yi shiru irin na wannan safiya ba.

Litinin muka ɗauke ta zuwa wurin wani mai gyara a cikin gari, dattijo mai furfura a gemu wanda kowa yake kira Injiniya. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce, "Samari, gidan nan ƙofa biyu ce a buɗe. Ɗaya kai ka buɗe da hannunka, don ga wata manhajar sata da ka ɗauko daga intanet. Ɗayar kuwa tun ranar 14 ga Janairu 2020 take a buɗe, ranar da aka daina gyaran Windows 7. Ko wannan Chrome da kake shiga intanet da ita, tun farkon 2023 masu ita suka daina aiko wa irin taka sabuwa." Abokina ya ce, "To Injiniya, in na biya za su buɗe?" Ya ce, "Wanda ya fasa maka ɗaki shi za ka riƙe da alkawari?" Sa'an nan ya juyo gare ni ya miƙo hannu, ya ce, "Kawo taka mu gani." Da ya ga watannin da ta yi ba ta sha gyara ba, sai ya tambaye ni ko akwai abin da zan yi kuka in ya ɓata a cikinta. Na kasa ba shi amsa.

Daga bayanin da ya yi mana, da abin da na karanta daga baya, ga yadda na fahimci lamarin. Babbar manhaja rubutu ce, layi miliyoyi, wanda dubban mutane suka rubuta cikin shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya taɓa rubuta ko da shafi goma ya san kuskure ba ya ƙarewa. Wasu kurakuran ba su da illa. Wasu kuwa tsaga ce da mai kutse zai iya bi ta cikinta ya shigo daga wata ƙasa, ya karanta abin da ka ajiye, ko ya kulle shi, ko ya mai da kwamfutarka jakinsa ba ka sani ba. Kullum akwai masu neman waɗannan tsagogi, na kirki da na banza. In na kirki suka samu sai su gaya wa kamfani, kamfani ya shirya gyara ya aika wa kowa ta intanet. Microsoft tun 2003 ya tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata domin wannan aiki. Ashe abin da nake kira shan data, magini ne yake sallama a ƙofar gida da ƙwaryar makuba, ni kuwa ina aika yaro ya ce ba na nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda haɗarin yake ƙaruwa bayan an daina gyara. Sabuwar manhaja da tsohuwa sukan yi tarayya a wurare da yawa, kamar gidaje biyu da magini ɗaya ya gina da ƙasar kududdufi ɗaya. Duk watan da aka aiko da gyara ga sabuwar, masu kutse sukan zauna su kwatanta yadda take kafin gyara da bayansa, su gane daidai inda tsagar take, sa'an nan su je su duba tsohuwar. In sun same ta a can, sun san ba mai zuwa ya cike ta har abada. Saboda haka kwamfutar da ta tashi lafiya ranar Laraba ba ta nuna kome ba, kamar yadda gidan bayan masallacinmu bai nuna kome ba a damina ta fari.

Duniya ta riga ta ga misali babba. Ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja da aka sa wa suna WannaCry ta ɓarke, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150 cikin 'yan kwanaki. Tana kulle takardu ta nemi fansar dala 300, kuma ba ta jiran kowa ya danna kome, ita da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci. Abin takaici, tun ranar 14 ga Maris na wannan shekara Microsoft ya riga ya aika da gyaran tsagar da ta bi, kusan wata biyu kafin ɓarnar. Galibin kwamfutocin da suka kamu masu Windows 7 ne, wadda a lokacin ana kan gyara ta, sai dai masu su ba su sa gyaran ba. Waɗannan su ne 'yan'uwana masu korar magini. Akwai kuma masu Windows XP, wadda aka daina kula da ita tun 8 ga Afrilu 2014. Su gyaran Maris bai je musu ba sam, sai da wuta ta kama sa'an nan kamfanin ya karya dokarsa ya aika musu da na gaggawa. Ba kullum ake samun irin wannan alfarma ba.

Ba na ganin laifin magini don ya ce ya gaji. Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, an yi shekara goma ana gyara ta kyauta, kuma ba mai sana'ar da zai iya ɗaukar alkawarin yaɓe kowane gida da ya taɓa ginawa har tashin kiyama. An kuma sanar da ranar tun da sauran shekaru. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne inda mu muke tsaye a cikin wannan lissafi. Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa: tana neman wani ɗan guntun kayan tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a cikin ƙwaƙwalen Intel galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama take karɓa. Tawa zubi na shida ce, don haka ba ta cancanta ba, ko da yake ba abin da ya same ta. Ofisoshin Turai sun san waɗannan ranaku sarai, shi ya sa sukan sallami kwamfutocinsu tun kafin wa'adi ya cika, a zuba su a jirgin ruwa su iso kasuwanninmu. Mu kuwa mu saya muna murnar araha, alhali gida ne muka saya wanda maginin ya riga ya yi sallama. Duk wanda ya taɓa kai filashinsa shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a, ya ɗan leƙa fuskar kwamfutar da za a soka shi, zai ga abin da nake nufi.

Haka zancen yake ga wayar da ke aljihunmu. Google ya yi alkawarin gyaran shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, amma waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Ƙananan da yawancinmu muke riƙewa wa'adinsu bai kai haka ba. A cikin saitin kowace wayar Android akwai wurin da aka rubuta ranar gyaran tsaro na ƙarshe da ta samu. Ya kamata mutum ya duba ta kafin ya sa kuɗin makarantarsa a manhajar banki da ke kanta.

Injiniya ya shimfiɗa mini hanya uku. Ta fari, in shiga ƙarin wa'adin da Microsoft ya buɗe wa masu Windows 10 zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda aka sa wa kuɗi dala 30, amma ana samun sa kyauta in mutum ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusunsa na kamfanin. Ta biyu, in sauke Windows gaba ɗaya in sa Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda jama'a daga ƙasashe da yawa suke haɗa hannu suna gyarawa, irin aikin gayya, kuma ba ta raina tsohuwar kwamfuta. Ta uku, in bar ta yadda take amma in yanke ta daga intanet, kada kuma in riƙa soka mata filashin kowa. Ya ce, "Amma kafin ka zaɓi ko ɗaya, ɗana, yau ɗin nan kada ka kwanta sai ka kwafe muryar kakarka a wuri biyu da ba cikin wannan akwati ba."

Na bi maganarsa. A daren na sayi filashi sabo fil na kwafe, na kuma ɗora su a ma'ajiyar intanet, daga baya na kai wa malamin da ke duba kundina kwafi na uku ya sa cikin kayan sashe. Da yake ina tsakiyar rubutu ban so in sake hannu ba, sai na kwana biyu a ɗakin karatu na bar kwamfutar ta sha duk gyaran da na hana ta, na shiga ƙarin wa'adin. Da aka yi hutu na koma wurin Injiniya ya sa mini Linux Mint. Fargabata ɗaya ita ce haruffanmu masu lanƙwasa, don kundin Hausa ba ya yiwuwa ba ƙ da ɗ da ɓ. Ashe akwai tsarin haruffan Hausa a cikinta, sai dai mutum ya zaɓa. Takarduna na dā duk sun buɗu. Sati biyu na yi ina laluben inda kome yake kamar baƙo a sabon gida, daga nan na saba.

Abokin ɗakina bai biya fansa ba, bai kuma sami takardunsa ba. Abin da ya cece shi babi biyu ne da ya taɓa bugawa a takarda, malaminsa ya cika su da jan biro ya mayar masa, shi kuwa don haushi ya cusa su ƙarƙashin katifa. Daga nan ya sake buga su kalma bayan kalma. Na ukun daga ka ya sake rubuta shi, yana yi yana tsine wa kwaɗayi.

Tun da wannan mujalla ta masu kishin harshe ce, ina da ɗan roƙo ga malamanmu da ƙungiyarmu. Kalmar "sabuntawa" da muke fassara abin nan da ita tana cikin abin da ya yaudare ni. Mai jin ta zai ɗauka ado ne, irin sake fenti ko sabon labule, abin da talaka zai iya haƙura da shi. Da tun fari kwamfutata ta ce mini ga yaɓen wannan wata ya iso, ko ta ce daga rana kaza an daina yi wa gininki yaɓe, da ban bukaci wani Injiniya ya yi mini bayani ba, kuma na tabbata ko Inna da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba da ta gane. Ina ba da shawara a duba wannan kalma, ko wata da ta fi ta, sa'ad da za a zauna aikin ƙirƙirar kalmomin kimiyya.

Da na je gida hutu na ba Baba labarin duka, tun daga ciniki har zuwa Linux. Bai ce kome ba sai da na kunna masa muryar mahaifiyarsa tana waƙar niƙa, har wurin da ta tsaya ta zage ni. Ya saurara har ƙarshe, ya share ido da bakin rawani, ya ce in sake sa masa. Bayan an jima ya ce, "To shi wannan sabon maginin naka, shi ba ya gajiya?" Na ce, "Yana gajiya, Baba. Wannan zubin da aka sa mini sun ce za su kula da shi zuwa 2029, daga nan sai in koma na gaba." Ya ce, "To rubuta shekarar a inda za ka riƙa ganin ta."

Na rubuta ta da biro a ɗan guntun takarda na manna ƙarƙashin haruffa, gefen dama. Ina roƙon duk ɗan'uwa ɗalibi da ya karanta wannan, kafin ya rufe mujallar nan ya nemi tasa shekarar, ta kwamfuta da ta waya, ya kuma tambayi kansa ko abin da ya fi ƙauna a cikinsu yana da kwafi a wani wuri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya, amin.